An soki ƙanena, an ba wanda ya soke shi beli: mu ina haƙƙinmu yake?

Tambaya: Barista, wata biyu da suka wuce wasu samari biyu suka tare ƙanena da magariba yana dawowa daga shago, suka ƙwace masa waya, ɗayansu ya soke shi da wuƙa a kafaɗa. Jama'a sun kama wanda ya soke shin sun miƙa shi ga 'yan sanda. Mun kashe kuɗi mai yawa a asibiti, mun kuma ba da kuɗin mai a caji ofis. Kwatsam sai ga yaron yana yawo a unguwa, wai kotu ta ba shi beli, ba wanda ya gaya mana. Yanzu danginsa sun turo dattawa a yi sulhu. Shin wanda aka zalunta ba shi da wani haƙƙi ne a shari'a? Wa zai biya mu abin da muka kashe?

Amsa: Malam, sannu da jinya. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya mayar muku da alheri.

Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba, domin in bai zauna maka ba, sauran bayanin ma ba zai zauna ba. A idon dokar Najeriya wannan shari'a ba taku ba ce. In ka je kotun, duba jerin shari'o'in da ake mannawa a bakin ƙofa. Za ka ga an rubuta Kwamishinan 'Yan Sanda da wane, ko Gwamnatin Jiha da wane. Sunan ƙanenka ba ya wurin. Shi da aka zubar wa jini, matsayinsa a takarda mai ƙorafi ne, sannan shaida. Tsarin da muka gada daga Ingila ke nan: ana ɗaukar laifi a matsayin ta'adi ga hukuma da jama'a baki ɗaya, don haka hukuma ce ke gurfanar da mai laifi. Sashe na 211 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha, wato kwamishinan shari'a, ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da dakatar da ita kafin a yanke hukunci. Sashe na 174 ya ba na tarayya irin wannan iko. Tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta nuna cewa in ya janye ƙara kotu ba ta titsiye shi a kan dalilinsa.

Ba ko'ina haka abin yake ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da suka gaji tsarin Faransa, wanda aka cuta a wurinsu yana iya shiga cikin shari'ar laifin a matsayin ɓangare mai neman diyya, lauyansa ya miƙe ya yi magana da yawunsa. Mu a nan, sashe na 36 na Tsarin Mulki ya jero haƙƙoƙin wanda ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya, amma ba inda ya yi wa wanda aka zalunta irin wannan jeri. Marigayi Mai Shari'a Chukwudifu Oputa ya taɓa tsokaci a kan wannan giɓi a Kotun Ƙoli a 1985, a shari'ar Josiah, inda ya nuna cewa adalci na mutum uku ne: wanda ake tuhuma, da wanda aka cuta, da al'umma. A Nuwambar 1985 ɗin kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwarta kan waɗanda laifi ya shafa, mai magana a kan a saurare su, a mayar musu da abinsu, a biya su diyya, a tallafa musu. Sai da aka yi shekara talatin kafin wannan magana ta shiga dokarmu sosai, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Sashenta na farko ya ambaci kare haƙƙin wanda aka zalunta a cikin manufofinta. Ita tana aiki ne a Abuja da kotunan tarayya, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta: Kaduna a 2017, Kano a 2019. Lambobin sassan da zan ambata na ta tarayya ne. A dokar jiharku lambar kan bambanta, ma'anar dai kusan ɗaya ce.

To haƙƙoƙin suna nan. Matsalarsu ɗaya: ba wanda zai kawo muku su har gida. Kusan kowanne sai an nema, a rubuce, a kan lokaci.

Mu ɗauki belin, tunda shi ya fi ƙona muku rai. Beli ba sallama ba ne. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, don haka ba a ajiye mutum a gidan yari don kawai a huce haushi. Dokar 2015 kuma ba ta ɗora wa kowa nauyin kiran ku a waya ya ce yau za a saurari belin wane. A Amurka wata doka ta 2004 ta ba wanda aka cuta haƙƙin a sanar da shi irin wannan zama a kotunan tarayya. Mu ba mu kai nan ba, kuma a ganina wannan babban giɓi ne. Abin da kuke da shi shi ne sashe na 162 na dokar 2015: kotu na iya hana beli in akwai dalilin ganin mutum zai gudu, ko zai sake aikata laifi, ko zai tsorata shaidu, ko ya lalata hujja. Saboda haka in yaron nan ko abokansa suka yi wa ƙanenka barazana, ko da wucewa ta ƙofar gida ana nuna shi da yatsa ne, kada ku ce a bar wa Allah. Ku rubuta rana da lokaci da waɗanda suka gani, ku ajiye saƙon waya in akwai, ku kai wa mai gabatar da ƙara. Kotun da ta ba da beli tana da ikon soke shi.

Amma akwai tambayar da ta fi wannan muhimmanci, kuma ita nake so ka fara binciko amsarta: da wane laifi aka gurfanar da shi? Abin da ka kwatanta, ƙwace da makami tare da raunata mutum, a ƙarƙashin dokar fashi da makami ta tarayya hukuncinsa kisa ne, kuma wuƙa ma makami ce a wannan doka, ba sai bindiga ba. Irin wannan laifi babbar kotu ke saurarensa. Majistare iyakarsa ya tura mutum ajiya har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, belin laifin kisa kuwa alƙalin babbar kotu ne kaɗai ke bayarwa, shi ma sai da dalili na musamman. In har majistare ne ya sake shi cikin 'yan makonni, akwai yiwuwar abin da aka rubuta a rahoton farko, takardar nan da ake kira FIR, sata ce da jikkatawa, ba fashi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wani lokaci hujjar ce ba ta kai ba, wani lokaci kuma wani ne ya ga wani. Ka je wurin magatakardan kotun ka nemi lambar shari'ar, da kwafin tuhumar, da ranar zama na gaba. Shari'a a bainar jama'a ake yin ta, ba sirri ba ce.

Sai dai kafin ku tashi da ƙarfi a kan a mayar da tuhumar fashi, ku zauna ku yi shawara da idon basira. Shari'ar fashi a babbar kotu takan ɗauki shekaru, fayil ya je ma'aikatar shari'a ya dawo, shaidu su watse, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa kuma da wuya ya biya ku ko sisi. Jikkata mutum mummunan rauni da makami, a dokar Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa, ɗaurinsa na iya kai wa shekara 14, kuma ba ƙaramin hukunci ba ne. Ban ce ku yarda a rage laifi ba. Cewa na yi ku san abin da kuke nema, ku san kuɗinsa.

Maganar caji ofis gajera ce. Kai ƙorafi kyauta ne, binciken laifi aikin 'yan sanda ne bisa dokarsu ta 2020, ba wata doka da ta ce mai ƙorafi ya sayi mai ko takarda. Na san halin da ofisoshin suke ciki, na kuma san mutane na bayarwa don aiki ya tafi, amma kada ka ɗauka wajibi ne. In aka matsa, akwai DPO, akwai kwamishina, akwai sashen karɓar koke da rundunar ta kafa a 2015, akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda. Koke a rubuce, da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya fi zuwa sau goma da baki.

Abin da ya fi kuɗin mai haɗari shi ne bayanin da ƙanenka ya bayar. Sau da yawa mutum na kwance da ciwo, ya yi bayani da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, a ce sa hannu, ya sa. Bayan shekara guda lauyan wanda ake tuhuma ya ɗaga takardar a kotu: a nan ka ce kafaɗar dama, yau ka ce hagu, a nan ka ce bayan isha'i, yau ka ce magariba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai an tabbatar da laifi ba tare da wani shakku mai ma'ana ba. Duk shakkun da ya rage, ribar wanda ake tuhuma ce. Ƙanenka ya nemi a karanta masa bayaninsa da Hausa. In akwai kuskure ya ba da ƙarin bayani tun yanzu. Mutanen da suka kama yaron kuma, ku tabbata an ɗauki bayanin aƙalla biyu daga cikinsu da lambobin wayarsu. Kada kuma ku yi ta yaɗa hotonsa a Facebook da WhatsApp. Lauya mai wayo zai ce a waya ƙanenka ya ga fuskar, ba a wurin da abin ya faru ba.

Wayar fa, in an same ta? Taku ce. 'Yan sanda na iya ba ku ita bisa takardar alkawarin za ku kawo ta duk ranar da aka nema, kotu ma na iya ba da wannan umarni. Ku kai kwalinta ko rasit. Ba dole ne ta kwana shekara biyu a ɗakin ajiyar kayan shaida har batirinta ya kumbura ba.

Kuna da damar ɗaukar lauya, amma ku san iyakarsa. Ba shi zai gabatar da ƙara ba, sai in Antoni Janar ya ba shi izini a rubuce. Aikinsa sa ido: ya sanar da kotu cewa yana zaune ne a madadin mai ƙorafi, ya bi fayil, ya zauna da mai gabatar da ƙara kafin zama, ya tuna masa abin da ya manta, ya rubuta koke in ya ga ana wasa. Wasu na raina wannan aiki tunda lauyan ba ya yi wa shaidu tambaya. Ni ban raina shi ba. Mai gabatar da ƙarar da ke ɗauke da fayil talatin a hammata, fayil ɗin da ya san akwai mai bibiyarsa shi yake buɗewa da dare. In ba hali, ku gwada ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA in abin ya shafi mace ko yaro.

Ranar ba da shaida, ƙanenka na iya magana da Hausa, tafinta ya fassara. Za a yi masa tambayoyin ƙure, wannan haƙƙin wanda ake tuhuma ne, amma Dokar Shaida ta ba alƙali ikon hana tambayar batsa da wadda aka yi don cin mutunci kawai. Sashe na 251 na dokar 2015 ya ce shaidan gwamnati ya cancanci a biya shi kuɗin da ya kashe wajen zuwa kotu. Mutane kaɗan ne suka san da shi, waɗanda suka taɓa karɓa sun fi kaɗan, amma tambaya ba laifi ba ce. Sashe na 232 kuma ya ba da damar ɓoye sunan shaida, ko ya yi magana ta bayan labule ko ta bidiyo, sai dai an ware shi ne ga laifuka irin su ta'addanci da safarar mutane da laifukan kuɗi.

Sashe na 396 ya ce a riƙa zama kullum, in ba zai yiwu ba kowane ɓangare kada ya wuce neman ɗagewa sau biyar, tsakanin zama da zama kada ya wuce ranakun aiki 14. Wanda ya saba zuwa kotu zai yi murmushi in ya ji wannan. Duk da haka ku riƙa zuwa. Shari'o'in da na ga sun mutu, yawancinsu ba cin hanci ya kashe su ba, gajiya ce. Mai ƙorafi ya zo sau uku ana ɗagewa, ya ce shi kasuwa ta fi masa, ranar ta huɗu a kira shaida babu kowa, lauya ya miƙe ya ce a kori ƙara don masu ƙara ba da gaske suke ba. In sallama kawai aka yi, ana iya sake kamo shi. In kuwa wanke shi aka yi, sashe na 36(9) na Tsarin Mulki ya rufe ƙofa, ba a sake yi masa shari'a a kan wannan laifi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wa zai biya ku. A nan ne doka ta fi ba ku, a nan ne kuma aka fi yin asara don rashin sani.

Na taɓa zama a wata kotun majistare ina jiran tawa shari'ar, aka yanke hukunci a kan wani da ya sari wani bakanike a hannu. Alƙali ya ce ɗauri ko tara. Kafin a tashi dangin mai laifi sun haɗa kuɗin tarar sun nufi wurin biya. Bakaniken na zaune a benci na baya, hannu a naɗe, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Da aka kira shari'a ta gaba sai ya matso kusa da ni ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin da aka ce ya biya, a ina zan karɓa?" Na ce masa tara ta gwamnati ce. Ya daɗe yana kallona. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba wanda ya nemar masa diyya, kuma alƙali in ya sa hannu a hukunci ya rufe littafi, ba ya komawa ya ƙara wani abu.

Alhali dokar ta daɗe a wurin. Sashe na 78 na Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa tun 1960, ya ce wanda aka samu da laifi ana iya umartarsa ya biya wanda ya cutar diyya, ko a haɗa da wani hukunci ko a maimakonsa. Dokar 2015 ta faɗaɗa wannan. Sashe na 319 ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya, har ya ambaci kuɗin jinyar wanda aka raunata da sunansa. Sashe na 314 ya ce kotu na iya ba da diyyar da ta dace ko da ta wuce iyakar kuɗin da aka ƙayyade mata a sauran shari'o'i, kuma tana iya neman ƙarin hujja don ta san adadin. Sashe na 321 ya yi maganar mayar da kaya ko ƙimarsu. Diyyar da kotu ta yanke kuma ana iya karɓo ta kamar yadda ake karɓar tara.

Amma alƙali ba ya yanke diyya da "mun kashe kuɗi mai yawa." Lamba yake so, da takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yau ka samo leda ɗaya ka zuba komai a ciki: katin asibiti, rasit na ɗinki da na hoton ƙashi da na jini, rasit na kemis, takardar da likita ya rubuta magani a kai, hoton raunin tun yana sabo. Inda ba a ba ku rasit ba, ku koma ku roƙa tun ba a manta ku ba. Ku nemi rahoton likita mai hatimi, wanda ya faɗi zurfin raunin da abin da ya haddasa shi, da ko zai bar naƙasa. In ƙanenka ya yi makonni bai buɗe shago ba, a rubuta kwanakin da abin da ya saba samu a rana. Ku yi kwafi, ku ba mai gabatar da ƙara, ku ce a shigar da su lokacin da ƙanenka ke ba da shaida, sannan a roƙi diyya kafin a yanke hukunci. Lokacin da aka samu mutum da laifi, lauyansa ya miƙe yana roƙon sassauci, wai yaro ne, wai shi ke ciyar da mahaifiyarsa, to a wannan gaɓar ya kamata wani ya miƙe ya tuna wa kotu ledar nan.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba: umarnin diyya takarda ce, sai mai laifi na da abin biya. Yaron da ke ƙwacen waya da wuya ya mallaki abin da za a sayar. Babu kuma asusun gwamnati na gaba ɗaya da ke biyan duk wanda laifi ya raunata, irin wanda Birtaniya ta kafa tun 1964. Abin da aka yi a nan na ɓangare ne, kamar asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa da aka ƙaddamar a 2014 ƙarƙashin Janar T.Y. Danjuma, da na waɗanda aka yi safararsu a dokar hukumar NAPTIP. Kuna iya shigar da ƙarar neman diyya daban da sunan ƙanenka, inda shi ne mai ƙara da kansa kuma hujjar da ake buƙata ba ta kai ta shari'ar laifi tsauri ba. Sashe na 320 ya ce shari'ar laifi ba ta hana wannan. Sai dai tana cin kuɗi, tana da wa'adi, kuma aljihun da za a bi ɗin dai shi ne.

Wannan ya kawo mu kan dattawan da aka turo. Sau da yawa kuɗin da za su shiga hannunku da gaske ta nan suke zuwa, domin dangi na iya haɗa abin da yaron ba zai iya ba. Sulhu alheri ne, ba ni da ja. Amma akwai sulhun da doka ta sani, akwai wanda zai jefa ku cikin rami. A tsarin shari'ar laifuka na Arewa an ware laifukan da mai ƙorafi zai iya yafewa, wasu kai tsaye, wasu sai da izinin kotu. Fashi da kisa da fyaɗe ba sa ciki. Karɓar kuɗi don a rufa wa mai irin wannan laifi asiri, ko don shaida ya ɓace, shi kansa laifi ne a Final Kod. In kuka karɓi kuɗi a zaure ƙanenka ya daina zuwa kotu, kotu na iya aika masa sammaci, in ya ƙi ta sa a kamo shi. Ga kuma abin da na gani ba sau ɗaya ba: a biya kashi ɗaya cikin uku, a ce sauran bayan sallah, mai ƙorafi ya rubuta takardar janyewa, shi ke nan an ga ƙeyarsu. Sashe na 355 ya ce in kotu ta amince mai ƙorafi ya janye, wanke wanda ake tuhuma take yi. Ba dawowa.

Hanyar da ta fi tsaro ita ce a kai sulhun gaban kotu. Sashe na 270 ya tsara yarjejeniyar amsa laifi don samun sassauci, kuma shi ne wurin da dokar ta fi ba wanda aka cuta baki: mai gabatar da ƙara sai ya tuntuɓe shi ko wakilinsa, ya ba shi damar faɗin ra'ayinsa kan abin da yarjejeniyar ta ƙunsa, har da sanya diyya ko mayar da kaya a ciki, a wani mataki ma sai da yardarsa. Ta nan yaron zai amsa laifinsa, ya samu rangwame, ku kuma a rubuta haƙƙinku cikin hukuncin kotu. Ku karɓi dattawan da mutunci, ku ba su ruwa, ku ce mun ji, amma maganar tana hannun hukuma, mu haɗu a can. Kuɗi kuma a biya gaba ɗaya kafin a sa hannu a komai, a rubuce, da shaidu.

In da a kotun shari'ar Musulunci ake yin ta, a jihohin da suka kafa dokokin laifuka na shari'a tun daga Zamfara a 2000, matsayinku ya fi haka ƙarfi. A babin kisa da raunuka, haƙƙin na wanda aka raunata ne ko waliyyan mamaci: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe, kamar yadda aya ta 178 a Suratul Baƙara da ta 45 a Ma'ida suka nuna. Shi ya sa mutanenmu ke mamaki in aka ce musu ba su da ta cewa, domin fiƙihun da suka taso da shi ya ba su ta cewa. Sai dai ko a can akwai iyaka. Fashi haddi ne, in ya kai gaban hukuma yafewar wanda aka yi wa ba ta kawar da shi. A mazhabar Malikiyya ma, wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara, kisan gilla kuwa ba ya karɓar yafiyar waliyyai.

In kuka ga fayil ya kwanta, ko an rage tuhuma ba dalili, ku rubuta wa Antoni Janar na jiha ta hannun daraktan gabatar da ƙararraki, ku haɗa da rahoton likita, ku roƙi ya karɓi shari'ar. Dokar tarayya ta ba ma'aikatar shari'a kwana 14 ta ba da shawara bayan fayil ya iso gare ta, kuna iya tuna musu da ladabi. A kotunan majistare na Arewa akwai kuma tsohuwar hanyar kai ƙorafin laifi kai tsaye gaban alƙali ba ta hannun 'yan sanda ba, wadda za ta iya amfani a kan yaro na biyu da ya tsere in kun san shi kuma an ƙi nemansa. Mutum ma na iya neman gurfanar da wani da kansa: bayan kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam na cikin wasiƙa a Oktoban 1986, Gani Fawehinmi ya bi wannan hanya har Kotun Ƙoli, ta kuma tabbatar a 1987 cewa yana da hurumin nema. Hanya ce mai tsawo, kuma Antoni Janar na iya karɓe ta a kowane lokaci. In kuma hukunci ya fito bai yi muku ba, ɗaukaka ƙara a hannun masu gabatar da ƙara take, ba a hannunku ba. Abin da za ku yi shi ne ku rubuta musu da wuri, domin kwanakin ɗaukaka ƙara ƙidayayyu ne.

Abu ɗaya na ƙarshe, saboda wani zai karanta wannan yana tsaye a bakin asibiti. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa ko da wane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba kuma ta ce a karɓe su ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara jinya. In fyaɗe ne, a je asibiti kafin a yi wanka ko a wanke tufafi, akwai cibiyoyi irin su Waraka a Asibitin Murtala na Kano da Salama a jihar Kaduna da aka kafa don wannan.

Kai dai ranar Litinin ka fara da magatakardan kotu: lambar shari'a, kwafin tuhuma, ranar zama, sunan mai gabatar da ƙara. Ka tafi da ledar rasit ɗin. Dattawan kuma ka ce musu za ku ba da amsa bayan kun ga abin da aka rubuta a tuhumar.